Harajin shago da na kamfani: in ɗauki ƙwararre ko in yi da kaina?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haraji. Ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, yara biyu ne ke tsaron shagon, kuma ina da rajistar sunan kasuwanci daga CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Cinikin shekara yana kaiwa wajen naira miliyan 60. A bara na ƙara yin rajistar kamfani limitad don neman kwangilar kawo kaya, ya zuwa yanzu aiki ɗaya ya yi, na miliyan 10. To ga shi an ce sai na kawo takardar shaidar biyan haraji, tawa da ta kamfanin.

Hanya uku aka nuna mini. Akwai wanda ya ce in ba shi kuɗi kawai, cikin kwana uku zai kawo mini takardar. Akwai akanta mai ofis da ya ce sai ya ga littattafaina da bayanan banki, kuma kuɗin aikinsa na shekara ne. Ƙanina kuwa cewa ya yi duk asarar kuɗi ce, a waya ma ana yi. Don Allah wanne ya fi? Abu ne da mutum zai iya yi da kansa, ko sai da ƙwararre?

Akantan Bompai:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a zo maganar wa zai yi aikin, sai ka raba abin biyu, domin masu biyan haraji biyu ne a hannunka.

Shagon da ke da rajistar sunan kasuwanci, a wurin doka kai ne shi. Ribarsa kuɗin shigarka ce, harajinta kuma na jihar da kake zaune ne, wato KIRS, hukumar tattara haraji ta jihar Kano. Kamfanin limitad kuwa doka tana ɗaukarsa mutum ne mai zaman kansa, kuma harajinsa na tarayya ne. Can ne hukumar da muka saba kira FIRS, wadda ta koma NRS daga 1 ga Janairu 2026, bayan dokokin haraji huɗun da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025. Fayil biyu ne, wa'adi biyu, takardar shaida biyu.

Na shagon, ra'ayina shi ne za ka iya da kanka in kana da rubutu. Ga yadda lissafin yake, da alƙaluman misali.

Ana farawa da kayan da ke shago ran 1 ga Janairu, a farashin sari. A ce na miliyan 9 ne. A cikin shekara ka saro na miliyan 52. Ran 31 ga Disamba ka ƙirga, saura na miliyan 11. Ke nan kayan da suka fita sun ci miliyan 50, tunda 9 da 52 sun ba da 61, a cire 11. Ciniki miliyan 60, a cire 50, ribar farko miliyan 10. Daga nan sai a cire abin da shagon ya ci: haya 1,800,000, albashin yara biyu a kan 60,000 kowane wata, 1,440,000, dako da kuɗin mota 700,000, wuta da man janareta 360,000, cajin banki da na POS 200,000. Jimilla miliyan 4 da rabi. Ribar da ta rage 5,500,000.

In gidan haya kake, sabuwar doka ta ba ka rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma ba zai wuce 500,000 ba. Hayar miliyan 1 tana ba ka 200,000. Abin da za a ɗora wa haraji ya zama 5,300,000. Mai zaune a gidan kansa ba shi da wannan rangwamen.

Matakan tun daga 2026 ga su: 800,000 na farko babu ko sisi, 2,200,000 da ke biye kashi 15, miliyan 9 da ke biye kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. A misalinmu mataki na biyu ya ba da 330,000, ragowar 2,300,000 a kashi 18 ya ba da 414,000. Harajin shekara 744,000. Wa'adin miƙa bayanan shekara ga mutum shi ne 31 ga Maris.

Ka ga babu wani sirri a ciki, tarawa ce da ɗebewa. Inda masu yi da kansu suke faɗawa rami wuri uku ne. Na farko, zuba hidimar gida cikin hidimar shago: cefane, kuɗin makarantar yara, ɗinkin sallah, kujerar Hajji. Duk ba a cire su daga riba, kuma turmin da aka ɗauka aka kai gida ba asarar shago ba ce. Na biyu, sayen mota ko gina sito sannan a cire kuɗin gaba ɗaya a shekara guda. Kadara ana rarraba kuɗinta ne a kan shekaru, mota kashi 25 a shekara, gini kashi 10, kuma sai abin da kasuwar take amfani da shi. Na uku shi ne ƙin ƙirga kaya a ƙarshen shekara. A misalin nan in ka manta da miliyan 11 ɗin da ke shago, lissafinka zai nuna faɗuwa, jami'in da ya ga cinikin miliyan 60 da faɗuwa kuwa zai ajiye takardarka ya yi nasa ƙiyasin.

Wannan ƙiyasin shi ne abin tsoro. Doka ta ba hukuma damar yanka maka haraji bisa abin da ta ga ya dace in ba ka kawo bayani ba, ko ka kawo wanda ba ta gamsu da shi ba. A ce an ƙaddara ribarka kashi 20 na ciniki ce, miliyan 12 ke nan, harajin ya tashi 1,950,000. Tsakaninsa da 744,000 ya fi miliyan 1, kuma littafin da ba a rubuta ba ne ya jawo shi.

Na kamfanin kuma kada ka gwada shi kai kaɗai a shekarar farko.

Hajiya Mai Lissafi:

Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Na yarda da lissafin Malam Akanta baki ɗaya, sai dai kalmarsa ta "in kana da rubutu" ita ce gaba ɗayan maganar, kuma a nan yawancin 'yan kasuwarmu suke da rauni. Mutum yana riƙe da lissafin dila ɗari a kansa bai taɓa kuskure ba, amma hukuma ba ta karɓar abin da ke ka.

Ko ka ɗauki ƙwararre ko ba ka ɗauka ba, aikin rubutu naka ne da yaranka. Akanta ba ya zaune a shago. Abin da ka ba shi da shi zai yi aiki, in ka ba shi buhun rasit a hargitse sai ya caje ka kuɗin tsincewa, sannan ya cike gurbin da ƙiyasi. Littafi huɗu sun wadatar: na ciniki, kullum da yamma a rubuta tsabar kuɗi daban, taransifa daban, POS daban, na sari, da sunan wanda aka saya a wurinsa da ranar da adadin, na kashe-kashen shago, sai na bashi, wanda kake bi da wanda ake binka. Kayan da ka bayar bashi sun shiga ciniki tun ranar da suka fita, ranar da aka biya ka kuma ba sabon ciniki ba ne. Mutane da yawa suna rubuta shi sau biyu, su ƙara wa kansu haraji da hannunsu.

Babbar matsalar Kwari da Singa da Dawanau ita ce asusun banki ɗaya da yake ɗaukar komai. Ciniki a ciki, zubin adashi a ciki, ajiyar amana a ciki, kuɗin da abokin hulɗa ya turo daga Maraɗi ko Njamena a saya masa kaya a ciki, gudunmawar biki a ciki. Kuɗin amana da rance da adashi ba kuɗin shiga ba ne, babu haraji a kansu, amma kai ne za ka tabbatar da hakan ranar da aka buɗe bayanan bankinka. Saboda haka shago ya samu asusunsa, kamfani nasa, gida nasa. Na'urar POS ta riƙa zuba kuɗi a asusun shago, a daina karɓar taransifa ta asusun yaron shago. Duk kuɗin da ya shigo ba na ciniki ba, a rubuta dalilinsa a ranar, in rance ne a sa hannu a 'yar takarda.

Rasit ɗin POS da na wasu shagunan yana goge kansa cikin 'yan watanni, balle da zafin Kano. A ɗauki hotonsa a ranar. Doka tana so a ajiye bayanan kasuwanci shekara shida. Inda aka yi sari babu rasit, a biya ta banki, a rubuta abin da aka saya a wurin bayanin taransifar.

Wani abu da zai sauƙaƙa maka: duk ɗan kasuwar da ke fitar da zakka ya riga ya iya ƙirga kaya. Bambanci biyu ne kawai za ka kiyaye. Zakka tana bin shekarar Musulunci, da yawa suna yi a Ramadan ko Muharram, shi kuwa haraji ƙirgar 31 ga Disamba yake so. Sannan a zakka ana yi wa kaya kuɗi da darajarsu ta kasuwa a ranar, a haraji kuma da farashin da ka saro su, sai fa in sun faɗi ƙasa da haka, kamar atamfar da yayinta ya wuce. Kada a ɗauki takardar wancan a miƙa a wannan.

Inda na saɓa da Malam Akanta kaɗan shi ne, ko na shagon ma ina ganin ka biya ƙwararre sau ɗaya. Dalilina, takardar shaidar biyan haraji shekara uku na baya take nunawa. In akwai shekarun da ba ka miƙa komai ba, sai an koma an gyara su, kuma shekarun kafin 2026 da tsohon ma'auni ake lissafa su: akwai rangwamen nan na 200,000 ko kashi 1 na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa, haɗe da kashi 20, sannan matakai shida daga kashi 7 zuwa kashi 24. Haɗa ma'auni biyu a fayil ɗaya ba aikin koyo ba ne. Ka zauna kusa da shi yana yi kana gani, ka sa ƙanin naka ya zauna shi ma tunda ya iya waya. Shekara mai zuwa ku yi da kanku.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Hajiya, na fahimta sosai. To shi kamfanin fa? Na ji an ce ƙananan kamfanoni ba sa biyan haraji yanzu. In haka ne me zai sa in biya akanta a kan abin da babu kuɗi a ciki? Kuma a aikin miliyan 10 ɗin nan da aka zo biya an cire wani abu, ban san inda ya tafi ba.

Malamin Haraji:

Alhaji, abin da ka ji gaskiya ne, amma rabinsa aka faɗa maka. Tun Dokar Kuɗi ta 2019 kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 ba harajin ribarsa sifili ne. Sabuwar doka ta ɗaga wannan iyakar, ta kuma sa sharaɗin kada kadarorin kamfanin su wuce miliyan 250, sannan ta cire masu sana'ar ƙwarewa irin lauyoyi da akantoci daga wannan sassaucin. Kamfaninka mai aikin miliyan 10 yana cikin ƙanana ta kowane ma'auni. Babban kamfani shi ke biyan kashi 30, da ƙarin kashi 4 na harajin raya ƙasa.

Sai dai an yafe maka biya ne, ba a yafe maka miƙa bayani ba. Kamfani ko bai sayar da allura ba sai ya kai rahoton shekara. Wa'adinsa wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa, wanda ya rufe a Disamba ke nan 30 ga Yuni. Sabon kamfani kuma wata 18 daga ranar rajista, ko wata shida bayan rufe lissafinsa na farko, duk wanda ya riga zuwa. Tarar rashin miƙawa a sabuwar doka 100,000 ce a watan farko, da 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Shekara guda ta sakaci 650,000 ke nan, a kan kamfanin da harajinsa sifili ne. A da 25,000 ce da 5,000, shi ya sa mutane suka saba yin ko-in-kula, to yanzu wannan sabon zai yi tsada. Kuma kada a rikita wannan da rahoton shekara na CAC, hukuma daban ce da tararta daban. Da yawa suna biyan na CAC su ɗauka sun gama.

Abin da aka cire maka kuwa shi ne harajin da ake riƙewa tun wurin biya. A ƙa'idojin 2024 da suka fara aiki a Janairun 2025, kawo kaya kashi 2 ne, aikin ƙwararru da ba da shawara kashi 5, haya kashi 10. A miliyan 10 na kawo kaya 200,000 ke nan. In babu lambar haraji a takardar neman biyanka, ninki biyu ake cirewa. Wannan kuɗin ba ɓata ya yi ba, ajiya ce da sunan kamfaninka, wanda ya cire shi ne zai kai wa hukuma, kai kuma ya fito a fayil ɗinka a matsayin abin da ka riga ka biya. Matsalar da ake samu iri uku ce: wanda ya cire bai kai ba, ko ya kai da lambar da ba taka ba, ko ya kai wa jiha alhali kamfani na tarayya ne. Ka koma wurinsu ka nemi shaidar cirewa da ta kaiwa tun yanzu da ma'aikatan da suka yi aikin suna kan kujerunsu. Ka duba takardar biyan da kyau, domin ma'aikatun gwamnati suna riƙe VAT ma, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, tun daga tushe, kashi 7.5, wato 750,000 a kan miliyan 10 in an ɗora shi a kwangilar. Ka tabbatar wanne aka cire a cikin biyun, ko duka.

VAT shi ne wurin da na fi ganin mai yi da kansa yana jin jiki, saboda na wata-wata ne. Wanda ke cikin tsarinsa yana miƙa bayani kafin 21 ga watan da ke biye, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kayan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafan karatu ba a ɗora musu, amma yadi ana ɗora masa. Akwai sassauci ga ƙananan 'yan kasuwa, kuma tantance ko kana ciki, kai da shagon da kamfanin kowanne da matsayinsa, ita ce tambayar farko da za ka sa ƙwararren ya amsa maka a rubuce.

Tun 2021 da hukumar haraji ta tarayya ta buɗe shafin TaxPro Max ake shigar da bayanan kamfani ta intanet, don haka ƙaninka bai yi ƙarya ba, danna maɓallan ba wuya. Wuyar tana cikin abin da za a shigar: bayanin riba da asara, bayanin kadara da bashi, jadawalin rangwamen kadarori, da lissafin haraji, kuma dole alƙaluman su yi daidai da juna da kuma banki. Shekarar farko ita ce tubalin duk na bayanta. Jarin da aka rubuta ba daidai ba, ko kuɗin da ka zuba wa kamfanin daga aljihunka aka shigar da shi a matsayin ciniki maimakon rancen darakta, zai yi ta bin fayil ɗin shekara da shekaru. Wannan kaɗai ya isa dalilin biyan akanta.

In kuma ka ga kamfanin ba zai riƙa samun aiki ba, ka yi lissafin abin da riƙe shi yake ci duk shekara, kuɗin akanta da na CAC, ka gani ko ya cancanci a ci gaba da shi.

Lauya Mazaunin Nasarawa:

Ranka ya daɗe, ni a kan mutumin kwana ukun nan zan yi magana, domin shi ne haɗarin da ya fi kusa da kai.

Takardar shaidar biyan haraji sakamako ce. Ana miƙa bayani, a tantance, a biya abin da ya hau, sannan ta fito. Wanda ya ce zai kawo ta ba tare da ya tambaye ka cinikinka nawa ba, ɗayan biyu zai yi. Ko ya buga ta bogi, ko ya shigar da ƙaramin adadi da sunanka don harajin ya yi sauƙi ya riƙe ragowar. Ta bogin ana gano ta cikin minti ɗaya, tunda masu ba da kwangila suna tantance lambar takarda wurin hukumar da ta bayar, kuma wanda ya miƙa ta shi ake tuhuma da laifi. Ta biyun ta fi ɓoyuwa amma ta fi daɗewa tana cizo: takarda ta ce kuɗin shigarka na shekara 600,000 ne, kai kuma kana neman kwangilar miliyoyi da ita, bankinka yana nuna miliyan 60. Ka sa hannu a kan bayanin ƙarya ke nan. A doka nauyin abin da aka miƙa yana kan mai biyan harajin, ko wa ya cike fom ɗin.

Shi ma akanta mai ofis sai an tantance shi. Ka tambaye shi ƙungiyar da yake ciki, CITN ta masana haraji, ko ICAN ko ANAN ta akantoci, ya ba ka lambar zamansa ɗan ƙungiya da lasisin aikinsa na bana, ka bincika. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta ce mutum yana iya wakiltar kansa, in kuwa zai sa wakili, ya zama wanda hukumar harajin ta amince da shi. Ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce: ayyukan da zai yi ɗaya bayan ɗaya, na wace shekara, nawa ne, wa zai ɗauki tara in jinkirin daga wurinsa ne, kuma ko amsa tambayoyin hukuma bayan an miƙa yana cikin kuɗin. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, sai wasiƙa ta zo a fara sabon ciniki. Ka guji wanda zai ce a ba shi kaso daga abin da ya rage maka, domin ribarsa tana cikin ƙanƙanta alƙalumanka.

Abu uku kada su bar hannunka. Kuɗin harajin kansa ka biya shi da kanka ta banki ko ta shafin hukuma, cikin asusun gwamnati, rasit ya fito da sunanka da lambarka. Kuɗin aikin akanta daban, a asusunsa. Imel da lambar wayar da aka buɗe fayil da su su zama naka, domin ta nan sanarwa take zuwa, kuma ranar da kuka rabu kada ka tarar an kulle ka a waje. Na uku, kwafin duk abin da aka miƙa da shaidar karɓa. Kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, komai yardar da ke tsakaninku.

Akwai kuma lokacin da ko gwanin yi da kansa ya kamata ya nemi ƙwararre a ranar: in takardar ƙiyasin haraji ta zo, ko sanarwar za a binciki littattafai. Kwana 30 kake da su daga ranar da ka karɓa ka rubuta ƙorafi, ka faɗi adadin da ka yarda da shi da wanda ba ka yarda ba, da hujjojinka. Zuwa ofis a yi magana da baki, ko aika wani babba ya sa baki, ba ya tsayar da kwanakin nan. In suka cika babu ƙorafi a rubuce, adadin ya zauna daram, ya zama bashi. In an yi ƙorafi hukuma ta ƙi sauyawa, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ta shiyyar Arewa maso Yamma tana zama a Kaduna, ita ma kwana 30 ne. Ka rubuta ranar karɓa a jikin kowace wasiƙa, ka kuma gargaɗi yaran shago kada su jefa takardar hukuma a durowa su manta.

Akantan Bompai:

Hajiya ta yi gaskiya a kan shekarun baya, na karɓi gyaran. In akwai gibi a shekara ukun, a ba ƙwararre ya rufe shi tare da na kamfanin, zai ma fi sauƙin kuɗi a haɗe.

Saura maganar yaran shago da ba mu taɓa ba. Mai albashin 60,000 a wata yana samun 720,000 a shekara, bai kai 800,000 ba, don haka babu abin da za a cire masa. Duk da haka a rubuta albashin, su sa hannu duk wata, saboda da wannan takardar za ka kare 1,440,000 ɗin da ka cire daga riba. Ranar da albashin wani ya haura iyakar, ko ka fara biyan kanka albashin darakta daga kamfanin, tsarin PAYE na cire haraji daga albashi ya hau kanka: a cire a kai wa KIRS kafin 10 ga watan da ke biye, sannan a miƙa jadawalin ma'aikata na shekara kafin 31 ga Janairu. Albashin daraktan kuma zai haɗu da ribar shago a bayaninka na 31 ga Maris, ba a raba su.

Kafin ka koma wurin akantan, Alhaji, ka haɗa takardun CAC na shagon da na kamfanin, lambar NIN ɗinka da lambobin haraji in akwai, bayanan kowane asusun banki na shekara ukun daga Janairu zuwa Disamba, rasit ɗin hayar shago da ta gida, takardar kwangilar nan da takardar biyanta, da duk wani rasit na haraji da ka taɓa biya ko na shekarun da ka ɗauka ba su da amfani ne. Ka nemi bankin ya ba ka bayanan a fayil ɗin Excel ban da na takarda, yana rage kwanakin aiki, kuma da shi za ka nemi ragin kuɗin aikin.